Daga Kwarin Tarka Zuwa Kogin Isa: Tarihin Da Ake Gani Daga Cikin Kwalekwale

Yau maganar ruwa da jirgi za mu yi. Mun san wani zai yi dariya ya ce, mutanen da ke jan guga gaba talatin da jaki ko raƙumi, ina ruwansu da yawon kwalekwale? To a yi haƙuri a saurara. Kogin da za mu yi magana a kansa yana da dangantaka da kwarin Tarka da muke kiwo a cikinsa, kuma abin da ke faruwa da shi yau darasi ne da mu ya kamata mu fi kowa ganewa.

A ƙasashen da ke bakin teku ko manyan koguna akwai wata sana'a ta ɗaukar baƙi a jirgin ruwa, a zaga da su, ana nuna musu wurare ana ba su labarin abin da ya faru a kowane. Abin da suka fi alfahari da shi su ne dogayen hasumiyoyi masu fitila a kai, waɗanda aka gina don haska wa matuƙa hanya da dare, kamar wadda ke kan dutsen Mamelles a Dakar tun 1864. Mu a Nijar ba mu da teku, kuma kogin Isa ba shi da irin waɗannan hasumiyoyi. Matuƙinmu da tudu yake gane hanya, da tsibiri, da wata kuka ko giginya da ya sani tun yana yaro, da launin ruwa da yadda yake murɗawa a kan dutse. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Haka ayarin raƙuma ke hango hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 su san sun iso, haka kuma makiyayinmu ke lissafin tafiyarsa daga rijiya zuwa rijiya. Amma yawon jirgin kam muna da shi a Yamai, ko da yake yawancinmu da ke zuwa can neman takarda ko asibiti ko ganin dangi ba mu taɓa shiga ba.

HANYAR ZUWA

Daga Dakoro zuwa Yamai tafiyar sama da kilomita 700 ce. Wanda ya lura da hanya zai ga cewa koguna yake ta tsallakewa, sai dai matattu ne ko masu barci. Kafin a kai babbar hanya an tsallake Gulbin Kaba. A Madawa an sake haɗuwa da Tarka, a can ƙasa inda ruwa ke kusa har ake noman albasa. A Dogon Dutsi ga Dallol Mawri, a Birnin Gaure ga Dallol Boso. Kowane ɗayansu faffaɗan kwari ne wanda ruwa mai gudu ya haƙa a zamanin da saman ƙasar nan ke zubar da ruwa fiye da na yanzu nesa ba kusa ba.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A Gobero, can cikin Tenere inda yau babu ko inuwa, masu bincike sun tarar a shekarar 2000 da kaburburan mutanen da suka zauna a bakin tabki shekaru dubbai da suka wuce, tare da ƙasusuwan manyan kifaye da masun kamun kifi. A Dufuna kuma, cikin jihar Yobe ta Najeriya, wani Bafillace ne yana haƙar rijiya a 1987 ya ci karo da katako a ƙarƙashin ƙasa. Da aka tono, sai ga kwalekwale mai tsawon sama da mita 8, wanda aka auna shekarunsa suka kai kimanin 8,000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Ku duba fa, makiyayi mai neman ruwan dabbobinsa ne ya gano shi, irin aikin da ake yi kullum a arewacinmu.

Tarka ta taso ne daga wajejen Tanut, ta ratsa ƙasar Dakoro, ta gangara ta Madawa, ta shiga Najeriya ta haɗu da gulbin Rima. Rima ya haɗu da gulbin Sakkwato, shi kuma ya bi ta Argungu da Birnin Kabi ya zuba a kogin Isa. Ke nan kwarinmu reshe ne na wannan babban kogi. Da ruwan zamanin da yana nan, da mutumin Dakoro zai iya shiga jirgi daga ƙofar gidansa ya gangara har teku.

KOGI ƊAYA, SUNAYE DA YAWA

Kogin ya faro daga tsaunukan Gine, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ya faɗa teku a kudancin Najeriya. A Afirka kogin Nilu da na Kwango ne kawai suka fi shi tsawo. Rabonmu a Nijar kimanin kilomita 550 ne, daga iyakar Mali zuwa bayan Gaya. Mutanen Mande suna ce masa Joliba, Zabarmawa da Sonrai suna cewa Isa Beri, wato babban kogi, Hausawan kudu kuma suna cewa Kwara. Wani abin da zai ba ku mamaki shi ne a bakin mutanen kogi kalmar "hausa" tana nufin gaɓar hagu, wato ɓangaren gabas, "gurma" kuma gaɓar dama. Shi ya sa za ku ji Ayoru Hausa da Sansane Hausa, alhali mazaunansu ba Hausawa ba ne.

Mai son yawon jirgi sai ya san lokacinsa, domin a Yamai kogin sau biyu yake cika. Cikar farko ta damina ce, a Agusta da Satumba, lokacin da koramun Sirba da Dargol da Goruwol ke kwararo ruwa ja wur mai laka. Wannan ruwa mai fushi ne, shi ke cin gidaje. Cika ta biyu tana zuwa da sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da mu nan ko ɗigo ba mu gani. Ruwan da aka yi a Gine ne tun damina, ya shiga fadamun Masina a Mali ya bazu, ya yi watanni yana tafiya sannu a hankali, sannan ya iso ya riga ya tace. Wannan ne lokacin da matuƙa suka fi so, ruwa ya rufe duwatsu, iska da sanyi, rana ba zafi.

DAGA GINDIN GADA

Yawancin masu ɗaukar baƙi a kusa da gadar Kennedy ake samunsu, ƙasan Grand Hotel. Jirgin dogon kwalekwale ne na katako mai inji, an yi masa rumfar tabarma, an shimfiɗa katifu. Kafin a tashi ma ido ya ƙoshi: ga masu wanki sun shanya tufafi launi-launi, ga jiragen kabewa ana sauke kaya, ga raƙuma ɗauke da zana suna bin gada tare da motoci.

Ita wannan gada mai tsawon mita 710 a 1970 aka buɗe ta. Kafin nan duk mai zuwa ƙetare sai ya jira jirgin fito. Gadar ce ta ba unguwar Harobanda damar girma, can ne kuma jami'ar Abdu Mumuni take, inda ƴaƴanmu da dama suka yi karatu. Gada ta biyu, wadda Sin ta gina, ta zo a 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kunce a 2021. Da dare idan fitilunsu suka kama, su ne hasumiyoyin masuntan Yamai.

Daga cikin ruwa ne mutum ke gane cewa Yamai ƙauyuka ne birni ya haɗiye. Gudel da Gamkalle da Saga da Lamorde duk sun girmi barikin da Faransawa suka kafa a farkon shekarun 1900. Hedkwatar mulki ta koma Damagaram a 1911, sannan aka dawo da ita Yamai a 1926, kuma samun ruwa na daga cikin manyan dalilan. Damagaram tana da sarauta da kasuwa da ganuwa, amma ƙishirwa ta rage mata ƙarfi. Wannan magana ce da ɗan Dakoro ba ya bukatar a fassara masa.

Idan jirgi ya nufi sama, sai a wuce lambunan Yantala da gonakin shinkafa, a hango tuddai uku masu shafaffen kai a gaɓar dama waɗanda ake kira Ƴan'uwa Mata Uku. Balbela da zalɓe na bin gefen ruwa, shanu na iyo zuwa tsibiri neman ciyawar burgu, Bafillace na biye da sanda a ka. Kimanin kilomita 25 daga birni sai Bubon, garin mata masu ginin tukwane da tuluna, mai kasuwa ranar Laraba. A wannan tsakanin ne ake ganin dorina. Matuƙi zai kashe inji daga nesa ya nuna wasu kunnuwa da hanci a saman ruwa. Kada ku matsa masa ya ƙara kusa. Dorina mai ɗa ba ta wasa, kuma kife jirgi ba komai ba ne a wurinta.

Gaba kaɗan da Bubon akwai Karma. A ƙarshen 1905 zuwa farkon 1906 mutanen wannan yanki ƙarƙashin Umaru Karma suka yi wa Faransawa tawaye saboda haraji da aikin tilas. An murƙushe su, amma sunan bai ɓace ba.

MASU KOGI NA ASALI

Duk wanda ya shiga jirgi a wannan kogi baƙon Sarkawa ne, waɗanda Zabarmawa ke kira Sorko. Su ne masunta da maharban dorina tun fil azal, kuma a labaran bakinsu kakansu shi ne Faran Maka Bote. Daga cikin jiragensu daular Sonrai ta samu ƙarfinta. Sonni Ali, wanda ya yi sarauta daga 1464 zuwa 1492, ya mayar da kwalekwalen masunta rundunar yaƙi, har da sarautar shugaban jirage mai suna Hi-koi. Da su ya kewaye birnin Jenne har ya ci shi. Da sojojin Maroko masu bindiga suka karya Sonrai a Tondibi a 1591, ragowar Askiyawa kogi suka biyo suka gangaro ƙasar Dendi, wajejen Gaya, suka ci gaba da turjiya daga can.

Wanda ya fi adana hoton rayuwar Sarkawa shi ne Bafaranshen nan Jean Rouch. A 1946 zuwa 1947 shi da abokansa biyu suka bi kogin a kwalekwale daga mafarinsa har teku. Bayan haka ya dawo yankin Ayoru ya ɗauki fim na farautar dorina da mashi, tare da amininsa Damure Zika, wanda shi kansa Basarke ne. Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙwanni a Fabrairun 2004, an binne shi a Yamai. Ayoru ɗin nan, mai nisan kimanin kilomita 200 daga Yamai, ita ce a da matattarar masu yawon buɗe ido. Kasuwarta ta ranar Lahadi tana haɗa Buzaye da Fulani da Sonrai, jirage na zuwa daga tsibirai cike da mutane da awaki. A 2017 gwamnati ta keɓe wani sashe na kogin a wannan yanki don kare dorina, abin da manoman shinkafa ba duka suka yi murna da shi ba, tunda dorina ɗaya tana iya cinye wahalar wata uku a dare guda. Rikicin manomi da dabba ke nan, sai dai a can dabbar ba ta da mai ita da za a kai ƙara gaban sarki.

ABIN DA KOGI YA KAWO MANA

Turawa sun daɗe suna gardama a kan ina wannan kogi ya nufa. Mungo Park, mutumin Sikotilan, ya fara ganinsa a Segu a 1796. Ya dawo a 1805, ya haɗa jirgi a Sansandin, ya gangaro ta gaban inda Yamai take a yau. Ya ƙi tsayawa ya gaida sarakuna ko ya biya kuɗin wucewa, duk wanda ya matso sai harbi. Ya wuce Yawuri, a duwatsun Busa jirginsa ya maƙale, can ya hallaka a farkon 1806. Tsohuwar Busa yanzu tana ƙarƙashin ruwan madatsar Kainji da aka kammala a 1968. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi sauran kogin daga Busa har teku.

Idan jirginku ya nufi ƙasa daga Yamai, za ku iso Sayi, garin Alfa Mahaman Jobbo, malamin da ya mayar da wurin cibiyar karatu a farkon ƙarni na 19. A nan Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya ƙetare kogin a Yunin 1853 a hanyarsa ta zuwa Tambutu. Shi ta ƙasa ya zo, ya riga ya bi ta Agadas da Damargu da Tasawa da Katsina da Kano, kuma ya iya Hausa. A kusa da Sayi ɗin ne kuma wani hafsan sojan ruwan Faransa mai suna Hourst ya yada zango a wani tsibiri na tsawon watanni a 1896. Jirage uku gare shi, ɗaya na gorar-ruwa, kuma aikinsa auna kogi da zana taswira daga Tambutu har teku.

Taswira ita ce ke share wa bindiga hanya. Ƙasa da shekara uku bayan Hourst, ayarin Voulet da Chanoine ya iso. Voulet ta ruwa ya gangaro da wani sashe na sojoji, Chanoine ya biyo ta ƙasa, suka haɗu a bakin kogi. A Janairun 1899 suka kashe kimanin mutum ɗari a Sansane Hausa, har da mata da yara. Daga nan suka bar kogi suka fuskanci gabas: Lugu, inda Sarauniya Mangu ta tare su, sai Birnin Ƙwanni, sai ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi, suna ƙona garuruwa suna cika rijiyoyi da gawa, har ƙarshensu ya zo a wajejen Maijirgi kusa da Tasawa a watan Yuli. Ta kudancinmu suka wuce. Mulkin da ya biyo bayansu shi ne ya kafa barikin Dakoro a shekarun 1940. Don haka wanda ya zauna cikin kwalekwale ya dubi gaɓar Sansane Hausa, farkon wani babi na tarihin garinmu yake kallo.

Ba sharri kaɗai kogin ya gani ba. Fataken Gwanja, waɗanda ke kai kanwa da tufafi da fata su dawo da goro, a mashigai irin su Gaya da Illo da Yawuri suke ƙetarewa da jakunansu, masu fito na cin abinci da su. Ƙasa da Sayi kogin ya yi lanƙwasa kamar harafin W na boko, daga nan gandun dajin W ya samo suna. An kafa shi a 1954, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. A can ne ake ganin giwa da ɓauna suna shan ruwa, a cikin ruwan kuma akwai ayu. Daga nan sai Gaya da gadarta ta zuwa Malanbil da aka gina a 1958, hanyar da kayan tashar Kwatano suka daɗe suna bi. Can gaba cikin jihar Kabi ne gulbin Sakkwato ke shigowa, wato ƙofar da ruwan Tarka ke bi a zamanin da.

ABIN DA KE CIWO

Yanzu mu zo kan abin da ya sa muka ɗauko wannan magana. Dattawanmu ba su manta da farin 1984 ba, da yunwar da ake kira El-Buhari, lokacin da garkuna suka ƙare a arewacin Dakoro. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne a Yunin 1985 kogin Isa da kansa ya daina gudu a Yamai. Kogin da ya ɗauki rundunar Sonni Ali ya koma kududdufai, ana taka shi da ƙafa. Bayan wannan firgici ne aka gina ƙaramar madatsa a Gudel don birni ya samu ruwan sha da rani.

Ruwan sama ya dawo daga baya, amma wata cuta ta zauna, ita ce yashi. An sare itatuwan tuddai don girki da gini da faɗaɗa gona, ƙasa ta zama fako, ruwan sama ba ya nitsewa sai ya kwaso rairayi ta koramu ya juye cikin kogi. Duk wanda ya shiga jirgi da bazara zai ga tsibiran yashi a tsakiyar ruwa, matuƙi na kewaye su, wani lokaci ya sauka ya tura. Kogin da cikinsa ya cike kuwa ba shi da wurin ajiye ruwan damina. A Satumbar 2020 ruwa ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa shingen Lamorde, dubban mutane suka kwana a makarantu. Rani ƙaranci, damina ambaliya, duka daga tushe ɗaya. Ga kuma ciyawar kainuwa da ke toshe hanyar jirgi da taru, ga dattin birni da ake zubawa.

Hukumomi sun san da matsalar. Ƙasashe tara ne ke cikin hukumar kula da kwarin kogin, wadda ta samo asali a 1964, aka sake mata fasali a 1980, kuma hedkwatarta a Yamai take. Madatsar Kandaji, kimanin kilomita 180 sama da Yamai, an aza tubalinta a 2008, aka sake tayar da aikin a 2019, da burin samar da megawat 130 na lantarki da tsare ruwa don kada abin 1985 ya maimaitu. Jama'a na nan suna jira.

Sai rashin tsaro. Tun bayan harin Kure na Agustan 2020, inda aka kashe mutum takwas, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, baƙin waje suka ƙara ja da baya. Ayoru da gandun W sun zama wuraren da ba a zuwa yawo. Matuƙan da suka san sunan kowane tsibiri da labarin kowane dutse suna tsufa, ƴaƴansu kuma sun koma kabu-kabu ko ɗibar yashi. Ranar da irin wannan dattijo ya kwanta dama, labarin ya bi shi, don ba a rubuce yake ba.

NAMU RABON

Kada a fahimce mu a karkace. Tarka ba hannun mutum ne ya kashe ta ba, sauyin yanayi ne na dubban shekaru. Kuma yashin Dakoro ba shi ke cike kogi a Yamai ba. Amma mu mun san yadda rayuwa take a gefen kogin da ya tafi. Mun san nauyin guga, mun san layin mata a bakin famfo, mun san yadda ake zubar da jini a kan rijiya guda. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle mu da namu ya riga ya ƙone tun kaka da kakanni.

Kuma abin da ke cin kogin Isa yana cin abin da ya rage mana a jihar Maraɗi. Tabkin Madarunfa, inda masunta ke da kwalekwale kuma baƙi ke ziyartar kaburburan waliyyai 99, yana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006, shi ma yashi na matsa masa. Gulbin Maraɗi, wanda ambaliyarsa ta 1945 ta tilasta wa birnin hawa tudu, ya rage gudu tun da aka gina madatsar Jibiya. Ita kanta Tarka, wadda dokar 26 ga Mayun 1961 ta shata iyakar noma a wajejenta, gonaki na hawa mata, gatari na cin itatuwanta. Maganin kuwa ba daga waje zai zo ba. Manoman jihar nan ne suka nuna wa duniya sassaben zamani, wato barin kututture ya tofo a raine shi ya zama itace, har miliyoyin eka suka sake yin kore. Abin da ke riƙe ƙasar gona a Kornaka shi ne zai riƙe tuddan bakin kogi.

Shawararmu guda biyu ce. Ta farko, duk wanda Allah ya kai Yamai da sanyin bana, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa ko mai jinya da ya samu sarari, ya ware yammaci ɗaya ya gangara bakin kogi. Ku haɗa kuɗi ku biyar ko goma, ku yi ciniki tun kafin a tashi, ku nemi jirgin da ke da rigunan kariya, kada ku yarda a yi lodi fiye da kima, ku dawo kafin duhu. Ku yi wa matuƙi tambaya, ku bar shi ya yi magana. Idan baƙin waje sun daina zuwa, ƴan ƙasa ne za su riƙe wannan sana'a. Gani ya kori ji.

Ta biyu ta gida ce. Malaman makaranta da matasa masu waya a hannu, ku zauna da tsofaffinmu ku naɗi muryarsu: sunan kowace rijiya a Tarka, wa ya haƙa ta, gaba nawa ce, wane tabki ne ke kai wa Janairu a da wanda yanzu ba ya wuce kaka, wace hanya Gobirawa suka bi zuwa Birnin Lalle. Waɗannan su ne alamomin hanyarmu, kuma masu saninsu ba su da yawa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.